Sunan da Nake Tsallakewa a Rajista

A shekarun da Turawa ke haɗa kayansu, ana ta zancen mulkin kai a kasuwa da bakin masallaci, ni ina koyar da 'yan mata a wani aji mai rufin kwano a Coal Camp, cikin Inugu. Manyan unguwar Hausawa ne suka gina shi, dillalan shanu da mahauta da fataken goro. Ajin maza yana jikin masallaci, namu kuwa yana bayan gidan surukata, kusa sosai, har ina jin ƙamshin miyarta idan ta fara ƙonewa.

A Anacha aka haife ni. Ubana Bakano ne mai sayar da atamfa, kuma ya sa ni makarantar boko ne don ya gaji da kai wasiƙunsa wurin wani ƙato ya karanta masa sirrinsa. Da aure ya kawo ni Inugu, aka leƙa ko'ina cikin unguwa ba a sami macen da ta iya karatu da rubutu ba sai ni. Mijina dillalin shanu ne, rabin wata yana kan jirgin ƙasa tsakanin nan da Arewa. Manya suka roƙe shi, ya ce in uwarsa ta yarda shi ma ya yarda. Haka na zama Malama, ba wanda ya taɓa nuna mini yadda ake yi.

Yadda nake yi kuwa shi ne in faɗa su amsa. In ce biyu da biyu huɗu, su ɗauka gaba ɗaya har kwano ya yi ƙara. Iyaye suna jin wannan hayaniya daga gidajensu suna cewa lallai Malama tana ƙoƙari. Ni ma haka nake gani, kuma da wani ya zo ya ce mini ba haka ba ne, da ya sha baƙar magana.

Sai ga takarda daga ofishin ilmi. Duk ajin da malaminsa ba shi da shaidar horo za a rufe shi, amma an buɗe kwas a lokacin dogon hutu ga masu son samun shaidar. Na san mutanena sarai. In aka rufe ajin nan, ba uban da zai kai 'yarsa makarantar mishan. Kowace za ta koma ɗaukar farantin talla, shi ke nan an gama. Saboda haka na ɗaura gyalena na tafi, ina ƙunƙuni a hanya, wai ni da na shekara uku ina koyarwa za a koya wa koyarwa.

Ban taɓa jin daɗin wani abu kamar kwas ɗin nan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Mai koyar da mu wata 'yar ƙabilar Ibo ce, gajera, mai tabarau, kullum da lema a hammata ko da rana ta take. Madam muke ce mata. Ranar farko ta sa mu zauna a bencin yara, manya da mu, gwiwoyinmu na dukan tebur. Ta ce yau mu ne yaran. Mu Hausawa biyu ne kawai a cikin taron, ni da wani dattijo mai furfura da ya zo daga Fatakwal, inda yake koyar da 'ya'yan mahauta. Shi aka fara sa wa ya tashi ya yi waƙar sassan jiki, yana taɓa kai da kafaɗa da gwiwa, babbar rigarsa na sharar ƙasa. Ya yi ta da gaske, fuska a ɗaure kamar mai ba da shaida gaban alƙali. Da ya zo kan yatsun ƙafa hularsa ta faɗi. Na yi dariya har sai da na riƙe ciki.

Da ya dawo ya zauna ya ce mini, "Yi dariyarki, 'yata. Layi na zuwa kanki."

Ya kuwa zo. Madam ta ba ni alli ta ce in rubuta jimla ɗaya a allo. Na rubuta, na ja da baya ina jiran yabo. Ta ce in je ƙarshen aji in duba. Ashe rubutuna ya fara daga sama ya yi ta gangarowa har ya kusa taɓa ƙasa. Bayan haka kuma, duk lokacin da nake rubutu na juya wa ajin baya, su kuma manyan banzan nan sun yi ta jifan juna da takarda, da izininta, don in ga abin da yara ke yi in malami ya ba su ƙeya. Raina ya ɓaci, amma kafin la'asar na iya tsayuwa a karkace, hannu na rubutu ido na kan aji.

Kullum da sabon abu. Mun tsinci murfin kwalba a bayan shaguna don koyar da lissafi. Mun koyi rubuta shirin darasi tun kafin a shiga aji, abin da za a fara da shi da abin da za a ƙare. Mun kwaɓa laka mun yi tudu da kwari da kogi a tsakar fili, ruwan sama ya zo ya cika mana kogin, muka tsaya a ciki muna ihu kamar yara. Da tsakar rana sauran malamai su sayi okpa, irin alalarsu ta gurjiya, mai zafi a ganye, ni da Malam, dattijon nan na Fatakwal, mu buɗe ƙullin dambun naman da surukata ke ba ni, kafin ka ce kwabo hannuwa sun yi yawa a kai. Kullum nakan koma gida da alli har a gira.

Abin da Madam ta fi nanatawa shi ne tambaya. Ta ce amsar taro yaudara ce, rabin ajin baki kawai suke motsawa. Malami ya yi tambaya tukuna, ya ɗan yi shiru kowa ya yi tunani, sannan ya kira yaro ɗaya da sunansa. Kuma kafin a buga ƙararrawa, kowane yaro ya ji sunansa a bakin malaminsa, ko da sau ɗaya ne. Ta ce yaron da ba a kira ba, jikinsa ne kawai ya zo makaranta. Na rubuta wannan a littafina har da ja masa layi, ban kawo komai a raina ba.

A makon ƙarshe aka ce kowa zai koyar da yara na gaske, Madam da sauran malamai suna kallo daga baya, kuma da wannan darasi za a ba mutum shaida ko a hana shi. Tunda ajina yana kusa, aka ce in tara 'yan matana a can. A nan ne na sha jinin jikina, domin 'yata ta fari tana cikin ajin.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta gidanmu ta fi ta kowa, don uwata Bafulatana ce. Tunda na haifi yarinyar nan ban taɓa faɗin sunanta ba. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ban taɓa yi mata wasa wani na gani ba. Tun da aka yaye ta take kwana ɗakin kakarta, kuma Yaya take ce mini. In ina son ta, sai in ce "ke". In zan yi zancenta, "yarinyar nan". Da safe in ina kiran rajista, in na zo kan sunanta sai in ɗaga ido in gan ta a bencin gaba, in yi maki, in wuce na gaba. Yaran duk sun saba, ba mai ko ɗaga kai. Lokacin da ake amsa taro ba wata matsala, muryarta na cikin na sauran, kuma ina jin ta, don ita ce ke fara kamawa. Shekararta bakwai, kanta kuwa kamar wuƙa. Ina alfahari da ita ƙwarai, a cikin cikina.

Ranar darasi Madam ta karɓi rajistata ta zauna a baya da fensir. Ba ta jin Hausa, amma tana jin suna, duk wanda na kira sai ta yi masa alama. Na raba murfin kwalba, na tsaya a karkace, rubutuna ya miƙe sak. Na yi tambaya, na yi shiru, na kira suna. 'Yan matan nan da ba a taɓa tambayarsu ɗaya-ɗaya ba sai ga su suna rige-rigen ɗaga hannu. Wata da nake yi wa kallon daƙiƙiya ta ba da amsar da ta ba ni mamaki. Ina ta jin daɗi, ina cewa a raina yau Madam za ta san 'yar Anacha ba ta wasa.

Kowace tambaya na yi, hannun yarinyar nan ne ke fara tashi a gabana. Ni kuma in bi ta samansa da ido in kira wata.

Da aka sallami yara, Madam ta fara da yabo, har na fara gyara gyale. Sannan ta juyo da rajistar ta nuna mini layi ɗaya da ba alama. Ta ce wace ce wannan. Na ce ta bencin gaba ce. Ta ce me ta yi mini. Na ce ba komai. Ita da kullum Turancinta a goge yake, sai ga ta ta koma na kasuwa don haushi.

"Na who born this pikin? Wa ya haife ta? Ina son ganin uwarta, in gaya mata abin da ake yi wa 'yarta a aji."

Na sunkuyar da kai. Ko in ce tawa ce bakina ya yi nauyi. Na ce, "'Yar gidanmu ce."

Malam na Fatakwal ya yi gyaran murya, ya ce da Turancinsa mai sanɗa, "Madam, ga uwar nan gabanki." Ya zauna ya warware mata al'adar daki-daki, ya ce ba ƙiyayya ba ce, ladabi ne, shi kansa uwarsa ta rasu ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ba wanda ya so shi kamarta. Madam ta buɗe baki tana kallona. Ta ce su a wurinsu 'yar fari ita ce abin tinƙaho, har kalma ta musamman gare ta, ana kiranta da ita da ƙarfi kowa ya ji. Ni kuwa zuciyata ta taso, na ce to ai kowa da gidansu, ba a kanta za a fara koya mini tarbiyya ba. Malam ya zare mini ido, na yi shiru.

Ba ta yi fushi ba. Ta rufe rajistar ta ce ba ruwanta da abin da nake yi a gida, kuma ba ta raina shi ba. Sannan ta ce, "Amma kin lura da lokacin da ta daina ɗaga hannu?"

Na lura. Wajen ƙarshen darasi ne, bayan na tsallake ta a tambayar da ba wanda ya sani sai ita. Ta sauke hannun a hankali ta cusa shi ƙarƙashin cinyarta, ba ta sake fito da shi ba. Na gani da idona, na yi kamar ban gani ba, kuma ya yi mini ciwo.

Madam ta ce ba za ta sa hannu a takardata ba tukuna. Za su dawo ranar Alhamis. In kowace yarinya ta ji sunanta, shaida tawa ce. In ba haka ba, ba ta da yadda za ta yi. Na ce in na ce "ke mai jan kallabi" fa? Ta ce ba ta ga jan kallabi a rajista ba.

Da la'asar na sami surukata a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Inna, wai an ce sai na kira sunan yarinyar nan a gaban mutane, in ba haka ba za a rufe aji."

"Wace yarinya? Gidan nan cike yake da yara."

"Ta wajenki, Inna."

"Duk nawa ne. Wacce?"

Tsohuwar nan ta san abin da take yi. Ta bar ni ina zufa, ta yi ta dariya har shinkafa na zuba daga faifai. Da ta gaji ta share hawaye da bakin zane, ta ce ita dai ranar Alhamis tana da cefane a kasuwar Ogbete, tun safe za ta fita, abin da aka yi ba ta nan kuwa ba ta da labarinsa. Na yi godiya zan tashi, sai ta ce in dakata. Muryarta ta sauya. Ta ce yarinyar ta dawo yau ba ta ci abinci ba, ta kwanta a cinyarta ta ce, "Kaka, ko Yaya ba ta ganina ne?" Na tashi na shige ɗaki.

Kwana biyu ina gwadawa. A bakin famfo, ruwa na zuba, in buɗe baki, sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya. Ina daka in gwada tare da saukar taɓarya, ya ƙi. Ranar Laraba da hantsi, da na ga ba kowa a tsakar gida, na cusa kaina cikin randa na faɗe shi. Randar ta maido mini da shi da wata ƙatuwar murya, na yi tsalle da baya har na ture moɗa. Sai na tsaya ina dariya ni kaɗai, uwar 'ya'ya uku, malamar makaranta, ina hira da randa.

Alhamis ta zo da hadari a gabas. Madam ta zauna da fensirinta, Malam a gefenta yana jan carbi, sauran malamai sun cika bayan aji har taga. Na fara. Na kira ta farko, na kira ta biyu. Yara sun ware, hannuwa na tashi ko'ina, ban da na bencin gaba. Ta zauna ta tara murfin kwalbarta wuri ɗaya, idonta a kansu. Na yi ta bin sauran ɗaya bayan ɗaya, ina jan lokaci, har wasu na kira su sau biyu. Daga ƙarshe dai suka ƙare. Fensirin Madam ya tsaya a sama.

Na ce, "Bakwai a tara da biyar, nawa ke nan?"

Na yi shirun da aka koya mana, na ƙara da nawa. Ina jin ƙarar jirgin kwal yana wucewa can nesa. Malam ya yi tari. Tafin hannuna ya jiƙe har alli ya narke a ciki. Na dubi 'yan matan nan da suka cika benci, na tuna farantin talla, na dubi kan yarinyar da kitson da kakarta ta yi mata. Sannan na kira ta.

Muryar ta fito 'yar ƙarama, amma kowa ya ji. Ita kuwa sai ta waiga baya, tana duba cikin baƙi ta ga wanda ya kira ta. Ta dubi Madam, ta dubi Malam, ta dubi taga. Ba ta san sunanta da muryata ba.

Ta kusa da ita ta zungure ta da gwiwar hannu. "Ke, Malama ce!"

Ta juyo ta miƙe tsaye, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Na'am." Shi ke nan, tambaya ta gudu daga kanta. Na maimaita. Yarinyar da ke yin wannan lissafi tana tsalle a igiya ta buɗe baki ta ce sha uku. Yara suka fashe da dariya, ni ma ta kusa kufce mini. Na ce, kamar yadda zan ce wa kowace, ta ƙirga murfinta ta gani. Ta ƙirga, ta ɗago ta ce sha biyu da ƙarfin da ya isa masallaci. Malam ya manta an hana 'yan kallo motsi, ya ajiye carbi ya hau tafi, sauran suka ɗauka. Madam ta yi alamarta, ta cire tabarau tana gogewa da gefen riga, ta daɗe tana gogewa.

A kan teburina ta sa hannu a takardar, tun yara ba su gama fita ba. Ba a rufe ajin ba. Malam ya ce in ya koma Fatakwal zai ba da labarin nan har ya gaji, na ce in ya yi, ni ma zan ba da na hularsa. Daɗin da na ji ranar ban san da me zan auna shi ba.

Muka kama hanyar gida, wadda ba ta da wani nisa. Ina gaba, tana bina a baya kamar kullum, ɗauke da gwangwanin murfin kwalba a ka. Iska ta fara kaɗawa, mata na kwashe shanya. Mun kusa ƙofa na ji ta ce, "Yaya."

"Na'am."

"Ashe kin san shi."

Ban waiga ba, don kada ta ga fuskata. Na ce, "Tun kina kwana bakwai a duniya nake riƙe da shi. Yi sauri, ruwa zai sauko."